Ɗan Sama Jannati ko Mutum-mutumi: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Ƙaddara kai aka damƙa wa kuɗin da ƙasa ta ware don binciken sararin samaniya, aka ce ka zaɓa: ko a tura mutum, ko a tura na'ura. Kafin ka sa hannu a takarda, fara tambayar kanka abu biyu: ina za a je, kuma me ake so a samo.

Farashi ne zai fara tare ka. Shirin Apollo da ya kai Amurkawa 12 duniyar wata tsakanin 1969 da 1972 ya lashe kusan dala biliyan 25 a kuɗin wancan zamani. Tashar binciken samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda mutane ke zaune a cikinta tun Nuwamban 2000, ta ci sama da dala biliyan 100, alhali nisanta da mu kimanin kilomita 400 ne kacal. Ita kuwa motar Curiosity da ke yawo a duniyar Mars tun 2012, kimanin dala biliyan 2.5 aka kashe mata. Indiya ma ta kai kumbonta Mangalyaan kewayen Mars a 2014 da dala miliyan 74 kacal.

Me ya kawo wannan rata? Na'ura kuɗin zuwa kaɗai ake biya mata, mutum kuwa sai an haɗa da na dawowa. Bayan haka yana shaƙar iska, yana ci, yana sha, yana zagayawa, kuma kowane kilo na abincinsa da ruwansa sai roka ta ɗaga shi. A tashar samaniya har fitsari da gumi ake tacewa a mai da su ruwan sha. Ɗan sama jannati kan yi wajen awa 2 kullum yana motsa jiki, wani lokaci ɗaure da igiyoyi a kan injin gudu, don ƙashi da tsoka zaizayewa suke yi idan jiki ba ya ɗaukar nauyinsa. Duk wannan hidima kuɗi ce, kuma ba ta ƙara ko tsakuwa ɗaya a kan abin da aka je nema.

Amma fa araha ba ta ado. Duba abin da kowanne ya kawo gida daga wata. 'Yan Apollo sun dawo da kilo 382 na duwatsu da ƙasa. Kumbunan Luna guda 3 na Tarayyar Sobiyet, da suka ɗebo nasu ba tare da mutum ba, abin da suka kawo gaba ɗaya bai kai rabin kilo ba. China ta matsa gaba da Chang'e 5 a 2020 da Chang'e 6 a 2024, kowanne da ƙasa da kilo 2. Sannan ba yawan kaɗai ba ne. A tafiyar Apollo 17, a Disambar 1972, masanin duwatsu Harrison Schmitt yana cikin aiki a bakin wani rami sai idonsa ya faɗa kan ƙasa mai ruwan lemo a tsakiyar toka-tokar wata. Nan take ya tsaya ya haƙa ya ɗiba, daga baya aka gano ƙananan ƙwayoyin gilashi ne da aman wuta ya watso tun fil azal. Shi da abokinsa sun yi tafiyar kusan kilomita 35 a mota cikin kwana 3. Motar Opportunity ta Mars sai da ta haura shekara 10 kafin ta cika kilomita 40.

Wannan nawar ba laifin injin ba ce. Saƙo daga nan zuwa Mars yana ɗaukar minti 3 zuwa 22, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke. Ba a tuƙa motar da sitiyari. Umarnin yini guda ake aika mata, a jira a ga abin da ta yi. Sai dai abin da ta rasa a sauri tana ramawa da juriya. Opportunity aikin kwana 90 aka yi ta dominsa, ta sauka a Janairun 2004, ba ta yi shiru ba sai a Yunin 2018 da guguwar ƙura ta rufe mata hasken rana. Kumbon Voyager 1 tun 1977 yake tafiya. Akwai kuma wuraren da zancen tura mutum bai ma taso ba: a doron Venus, inda zafi ke kai maki 460 a ma'aunin Celsius, kumbon Venera 13 minti 127 ya yi kafin ya mutu, kuma an ɗauki hakan babbar nasara.

Sai batun asara. A 1999 kumbon Mars Climate Orbiter ya salwanta saboda wani rukunin injiniyoyi ya yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, wani kuma da na mita. An ji kunya, an yi asarar kuɗi, aka ƙera wani. Haɗarin jiragen 'yan sama jannati na Amurka, Challenger a 1986 da Columbia a 2003, kuwa rayuka 7 kowannensu ya ci, kuma bayan kowane haɗari sai da jiragen suka yi fiye da shekara 2 a ajiye.

A ganina, inda mutum ya fi biyan kuɗinsa shi ne kusa da gida, musamman wajen gyara. Madubin hangen nesa na Hubble da aka harba a 1990 da aibi ya tafi, hotunansa duk dishi-dishi. 'Yan sama jannati suka hau a 1993 suka gyara shi da hannu, suka sake komawa sau 4. Ba don su ba, da tuni an manta da shi. Duniyar wata ma tafiyar kwana 3 ce, ana iya juyowa idan abu ya ɓaci, kamar yadda aka yi da Apollo 13. Mars kuwa wata 6 zuwa 9 ne zuwa kaɗai, hanya ba ta buɗewa sai bayan kowane wata 26, ga haskoki masu jawo ciwon daji a hanya, kuma har yau ba a taɓa tayar da ko ƙaramar roka daga can ta dawo ba. Wanda ya kawo maka tallar kai mutum Mars nan kusa, ka nemi ya fara nuna maka wannan.

Idan aljihunka ba mai zurfi ba ne, bi hanyar da Najeriya ta bi da NigeriaSat-1 a 2003: tauraron ɗan'adam mai ɗaukar hoton gonaki da ambaliya. Idan kuma suna da tuta ake so, wanda shi ma buƙata ce ta gaske ga gwamnatoci, ba sai ka ƙera roka ba. Kujera ake saya a kumbon wasu, kamar yadda Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta yi wa Hazza al-Mansouri a kumbon Soyuz na Rasha a 2019. Ita dai ƙasar, da ta tashi binciken Mars, na'ura ta tura, wadda ta isa can a 2021.