Makanikal ko Ilektirikal: Wanne Ɗan Kaduna Zai Cike a Fom?

Duk lokacin cike fom ɗin JAMB, tambayar da ƙannenmu 'yan ajin kimiyya suka fi kawo mini ita ce, "Yaya, makanikal zan zaɓa ko ilektirikal?" Iyaye kuma nasu tunanin daban. Wani uban gani yake makanikal kanikanci ne, ɗansa zai ƙare a ƙarƙashin mota cikin baƙin mai. Wata uwar kuma da ta ji ilektirikal sai ta hango 'yarta a saman falwaya. Ba haka abin yake ba. Injiniya shi ke tsara injin da lissafa nauyin da zai ɗauka kafin wani ya riƙe sifana.

Ƙofar shiga ɗaya ce: Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri a JAMB. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru shekara 5 ne kowanne, da wata 6 na sanin makamar aiki a aji huɗu. A Kwalejin Fasaha ta Kaduna kuwa shekara 2 ce ƙaramar difloma, a fita aiki shekara guda, a dawo a yi 2 na babba. Ga kuma AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama, wadda ke ɗaukar farar hula. Daga baya ɗan makanikal da ɗan ilektirikal duka COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, ce ke yi musu rajista. Ta wannan ɓangaren ba wanda ya fi wani.

Bambancin yana cikin aji. Ɗan makanikal yana karanta abin da ido ke gani: yadda zafi ke ratsa ƙarfe, yadda ruwa ke gudu a bututu, dalilin da ke sa gindin injin ya tsage. In lissafi ya shige masa duhu, zai iya zuwa wokshof ya taɓa abin da hannunsa. Ɗan ilektirikal ba shi da wannan gatan. Wuta ba a ganinta, sai dai a bi sawunta da lissafi, kuma daga aji uku lissafin nan yakan yi nisa ƙwarai. Na ga yara masu son haɗa fitila da gyaran rediyo sun shiga da murna, sai darasin maganaɗisu da sigina ya sa jikinsu ya yi sanyi. In kana haƙuri ne kawai da lissafi ba sonsa kake ba, ka yi tunani sau biyu.

Akwai batun aljihu. Ɗan makanikal na bukatar kwamfuta mai ƙarfi saboda zane da AutoCAD ko SolidWorks, kuma furojet ɗinsa na ƙarshe yakan ci ƙarfe da walda, ya yi ta sintiri a Fanteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta Kaduna. Na ilektirikal sau da yawa da mita, dalma da ƙananan kayan haɗi zai fara.

Sai babbar magana, wato aiki. Kaduna ta iyayenmu garin makanikal ce. Masaƙar KTL ta buɗe a 1957, kamfanin ƙera makamai na DICON a 1964, Peugeot ta fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, matatar mai kuma a 1980, mai iya tace ganga 110,000 a rana. A lokacin, injiniya bai gama karatu ba aiki na jiransa. Yau duk wanda ya ratsa Kakuri ya san masaƙu sun yi shiru, matata ma ta daɗe ba ta tacewa. Wannan ba ya nufin makanikal ya mutu. Jirgin ƙasan da ke tashi daga Rigasa tun 2016 na bukatarsa, haka kamfanonin abincin kaji da na taki, da masu injinan casar shinkafa da sanyaya ɗakuna. Amma manyan guraben suna wajen mai da gas da siminti, kuma yawanci sai ka yarda ka bar gida.

Ilektirikal kuwa rashin wutarmu ne ya zama kasuwarsa. Bayan Kaduna Electric da ke raba wuta a Kaduna, Zamfara, Sakkwato da Kebbi, da tashar Mando ta TCN, kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa, da kamfanonin sadarwa, ga sola. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, masu shago, asibitoci da masallatai suke ta ajiye janareta. Yaron da ya iya lissafin batir da inbata daidai zai fara samun na kansa tun yana aji uku, da jarin da bai wuce jakar kayan aiki ba. Buɗe wokshof ɗin makanikal kuwa sai da injin sassaƙa ƙarfe, fili, da ita wutar da babu.

Don haka ni dai, in lissafinka na da ƙarfi kuma kana so ka zauna a Kaduna kusa da su Baba, ilektirikal nake ba ka shawara. Haka ke ma ƙanwata, kada wani ya ce miki karatun maza ne. In kuwa tun kana ƙarami ba ka ganin injin markaɗe sai ka leƙa cikinsa, kuma tafiya Fatakwal garin mai ko Obajana garin siminti ba ta dame ka ba, to riƙe makanikal, kada kasuwar sola ta ruɗe ka. Kafin ka biya kuɗin fom, ka nemi izinin gida ka yi mako guda wurin masu ƙera injin a Fanteka, wani makon ka bi mai haɗa sola yawon aiki. Ka lura da inda azahar ta same ka ba ka duba agogo ba.