Emojipedia da imojin kayan kiɗa: abin da shafin yake warwarewa da inda yake tsayawa

Duk wanda ya saba musayar saƙo a WhatsApp, ko yake bibiyar abin da ake rubutawa a Facebook da Instagram, ya taɓa cin karo da jerin ƙananan hotunan kayan kiɗa a ƙarshen magana, kamar ganga uku a jere 🥁🥁🥁, ko goge kusa da hannu mai matse yatsu biyu 🤏🎻, ko makirufo da kibiya mai kallon ƙasa 🎤⬇️. Sau da yawa babu kiɗa babu waƙa a cikin zancen da ake yi, shi ya sa mai karatu yake rasa inda aka dosa. Wurin da aka fi garzayawa domin neman bayani shi ne Emojipedia, shafin intanet da Jeremy Burge, ɗan ƙasar Ostareliya, ya kafa a shekarar 2013, wanda kamfanin Zedge ya saya a 2021. Shiga shafin kyauta ne, ba a buƙatar rajista, da tallace-tallace ake tafiyar da shi. Na yi amfani da shi wajen bin diddigin imojin kayan kiɗa musamman, kuma ra'ayina shi ne babu kamarsa wajen tantance imoji guda ɗaya, amma ma'anar haɗa biyu ko uku aiki ne da ya rage a wuyan mai karatu.

Abin da shafin ya fi ƙwarewa a kai shi ne tarihi da kamanni. Kowane imoji yana da shafinsa, ɗauke da sunan da ƙungiyar Unicode, mai tsara haruffa da alamomin da kwamfuta da waya suke amfani da su, ta ba shi, da lambarsa, da shekarar da aka amince da shi, da taƙaitaccen bayani, sannan da maɓallin kwafa. Idan mutum ya bi kayan kiɗan ɗaya bayan ɗaya zai ga yadda rukunin ya girma a hankali. Jita 🎸, saksofon 🎷, ƙaho 🎺, goge 🎻, fiyano 🎹, makirufo 🎤 da alamomin waƙa 🎵🎶 duk sun shigo ne a 2010, lokacin da Unicode ta karɓi tarin imojin da kamfanonin wayar Japan suka daɗe suna amfani da su. Ganga mai sanduna biyu ba ta zo ba sai 2016, banjo 🪕 ya biyo baya a 2019, akodiyan 🪗 da doguwar ganga 🪘 suka zo a 2020, sarewa 🪈 da caki 🪇 a 2022, sai kuma garaya mai tsirkiya da yawa 🪉 a 2024.

Waɗannan shekarun suna da amfani fiye da yadda ake zato. Wayar da ba a sabunta manhajarta ba ba ta san imojin da ya zo bayanta ba, saboda haka sai ta nuna akwati fanko a gurbinsa. Wanda ya aika wa abokinsa sarewa da alamar waƙa domin ya nuna masa cewa yana cikin nishaɗi, mai yiwuwa abin da ya isa can akwati ne da alamar waƙa kawai. Duba shekarar imoji a Emojipedia kafin a saka shi a sanarwar da jama'a da yawa za su gani yana kawar da wannan matsala, domin duk wanda ya fito tun 2010 kusan kowace waya ta san shi, saɓanin waɗanda suka fito a 'yan shekarun nan.

Sashen da na fi yaba wa shi ne na zane-zane. Abin da Unicode take bayarwa shi ne suna da lamba kaɗai, kowane kamfani kuma shi yake zana nasa hoton, don haka gangar da mai iPhone ya aika ba lallai ba ne ta zama ita ce mai Samsung ya gani. Emojipedia yana jera zanen Apple, da Google, da Samsung, da Microsoft, da WhatsApp, da Facebook a wuri ɗaya, kuma yana adana tsofaffin zanen da aka sauya, ta yadda mutum zai iya komawa baya ya ga yadda makirufo ko jita suke a shekarun da suka wuce. A nan ne na lura cewa jitar da yawancin kamfanoni suke zanawa ta lantarki ce, kuma wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa ake yawan haɗa ta da hannu mai ɗaga yatsu biyu kamar ƙaho 🎸🤘, alamar da masoya kiɗan rok suke yi a wuraren wasa. Doguwar ganga kuwa tana kama da gangunan da ake kaɗawa da tafin hannu, irin su konga da jembe, kuma siffarta tana ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Sai dai an gina shafin ne a kan imoji ɗaya, shafi ɗaya. Haɗin da yake ba wa shafi na kansa galibi shi ne wanda Unicode ta amince da shi a hukumance, kamar mawaƙi 🧑‍🎤, wanda a zahiri hoton mutum ne da na makirufo aka ɗinke su da wata ɓoyayyiyar lamba har suka zama hoto ɗaya. Wannan bayani ne mai kyau, kuma shafin ya fayyace shi sosai. Amma haɗin da jama'a suke ƙirƙira da kansu a cikin hira, wanda shi ne yake rikita mai karatu, ba shi da irin wannan gurbi, domin babu hukumar da ta tsara shi.

A ɗauki ganga a matsayin misali, domin ita ce ta fi kowanne sauya fuska. Idan aka jera ta sau uku kafin magana, kamar a ce "wanda ya yi nasara shi ne 🥁🥁🥁", ana kwaikwayon rugugin gangar da ake yi a dandalin wasa kafin a bayyana sakamako, wato ana jan ran mai karatu. Idan kuma ganga ɗaya ta zo bayan an yi barkwanci, to ana kwaikwayon ɗan gajeren bugun da makaɗi yake yi bayan ɗan wasan ban dariya ya ƙare maganarsa. Hoton bai sauya ba, wurin da aka ajiye shi ne ya sauya ma'anar, kuma babu ƙamus na imoji ɗaya-ɗaya da zai iya kama wannan.

Haɗin goge ya fi wannan hatsari. Goge shi kaɗai yana iya nufin kiɗa mai sanyi ko gayyatar zuwa kallon wasa, amma idan aka haɗa shi da hannu mai matse yatsu, wanda shi ma sai 2019 ya shigo, saƙon ya koma ba'a: mai aikawa yana nuna cewa yana goga wa mai ƙorafi ɗan ƙaramin goge ne, ma'ana kukan nasa bai kai a tausaya masa ba. Wannan ishara ta fito ne daga salon zolaya na masu magana da Turanci, kuma wanda bai san asalinta ba yana iya aika ta ga mutumin da yake cikin damuwa da niyyar lallashi, alhali ya ƙara masa ciwo ne. Ina ganin wannan shi ne haɗin da ya fi cancantar a yi wa mutane gargaɗi a kansa. Makirufo da kibiya kuwa yana nufin "na gama magana, babu mai abin ƙarawa", daga ɗabi'ar mawaƙa da 'yan wasa ta sakin makirufo ƙasa bayan sun burge jama'a, abin da Barack Obama ya yi a ƙarshen jawabinsa a liyafar 'yan jaridun Fadar White House a 2016. Sauran ba su da wuya: alamomin waƙa a farko da ƙarshen jimla suna nuna cewa baitin waƙa ne ake rerawa, abin saka wa kunne 🎧 yana nuna abin da mutum yake saurare, saksofon kuma galibi yana tafiya da kiɗan jaz.

Akwai wasu shafuka da suke cike wannan giɓi da dogayen jeri, inda suke ba kowane haɗi fassara ɗaya tak kamar dokar da aka rattaba. Na ga irinsu suna danganta ma'anar soyayya ko wani sirri ga haɗin da ban taɓa ganin kowa ya yi amfani da shi haka ba, kuma ba sa faɗin inda suka samo ta. Idan aka kwatanta, kamewar Emojipedia abin a yaba ce, domin abin da ya rubuta ana iya tantance shi. Haka nan kada a rikita haɗin rubutu da Emoji Kitchen na allon rubutun Gboard, wanda Google ya fito da shi a 2020: shi yana narkar da imoji biyu ne su zama hoto sabo, kuma a matsayin sitika yake tafiya, ba a matsayin rubutu ba.

Wani amfani da ba a cika lura da shi ba shi ne na sunayen hukuma. Manhajar da take karanta wa makafi abin da yake kan allo sunan kowane imoji take furtawa, saboda haka ganga goma a jere tana iya zama kalma ɗaya da ake nanatawa sau goma a kunnen mai saurare. Sanin sunan da za a furta yana taimaka wa mai rubutu ya taƙaita.

Ga mai kula da shafin kasuwanci, ko mawaƙin da yake tallata sabon aikinsa, ko malamin da yake aika sanarwa ga ɗalibai, ina ba da shawarar a riƙa buɗe Emojipedia kafin a aika, a duba shekara da zanen kowane kamfani. Game da ma'anar haɗi kuwa, hanyar da na ga ta fi inganci ita ce a kwafi imojin daga shafin, a liƙa su a akwatin bincike na dandalin da aka gan su, a karanta yadda mutane daban-daban suka yi amfani da su a cikin jimlolinsu, sannan a kula da ko sun zo kafin magana ne ko bayanta.