Sharhi kan ɗakin karatu na Folger a Washinton

Duk mai nazarin adabi da wasan kwaikwayon Ingila daga 1500 zuwa 1700, da wuya ya sami wurin da zai biya masa buƙata kamar Folger. Ginin yana kan titin East Capitol, dab da Laburaren Majalisar Amurka. An buɗe shi a 1932 da dukiyar Henry Clay Folger, attajirin kamfanin mai na Standard Oil, da matarsa Emily. An rufe shi don gyara a 2020, aka sake buɗewa a watan Yunin 2024.

Abin da ya fi jan jama'a shi ne kwafi 82 na First Folio, kundin 1623 da ya tattara wasannin Shakespeare 36, waɗanda rabinsu ba a taɓa bugawa ba kafin nan. Wani zai ce ina amfanin kwafi 82 na littafi guda? Ai nan darajar wurin take. A maɗaba'ar wancan zamani ana gyara kuskure ne ana cikin bugu, kuma takardar da ta riga ta fito da kuskure ba a zubar da ita saboda tsada, sai a ɗinke ta tare da gyararrun. Shi ya sa kwafi biyu kan saɓa a layi ɗaya. Don gano irin wannan bambanci, masani Charlton Hinman ya ƙera na'urar da ke ɗora hoton shafi a kan ɗan'uwansa, harafin da ya bambanta sai ya riƙa rawa a ido, ya kuma fitar da sakamakonsa a 1963.

Kafin zuwa, a yi rajista ta intanet, a nemi littattafan tun da wuri, a taho da katin shaida. Fensir kaɗai ake shiga da shi. Tsohon littafi a kan matashin soso ake kwantar da shi don kada ɗinkin bayansa ya tsinke, a danne shafi da igiya mai nauyi. Hannu a wanke, a bushe. Safar hannu tana kashe jin yatsa, da ita aka fi yaga takarda.

Inda sabon shiga ke tuntuɓe shi ne wajen nema. Rubutun lokacin bai daidaitu ba: "u" da "v" suna musanya, haka "i" da "j", doguwar "s" kuma kamar "f" take. Ya fi sauƙi a nema da lambar da littafi ke da ita a kundayen da suka jera tsofaffin littattafan Ingilishi: lambar kundin STC ga littattafan da ba su wuce 1640 ba, lambar kundin Wing kuma daga 1641 zuwa 1700. Kwanan wata ma tarko ne, domin kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa. Wasiƙa mai ɗauke da Fabrairun 1601, a lissafinmu 1602 ce. Rubutun hannun magatakarda na zamanin kuwa sai an koye shi tun daga gida, in ba haka ba mako zai ƙare a shafi biyu.

Wanda biza ta hana shi zuwa, shafinsu na intanet yana da wasannin Shakespeare duka kyauta, da hotunan shafuka masu kaifi. Sai dai hoto ba kasafai yake nuna tambarin da ke cikin jikin takarda ba, wanda da shi ake gane asalinta. Wannan sai an haska ta da fitila daga baya.