Gargaɗi: mai tallar mota mai ɗakin kwana a Facebook ɗan damfara ne

Assalamu alaikum jama'ar Garwa, Marwa da kewaye. Abin da ya sami yayana ne ya sa na rubuta wannan, kuma da izininsa nake faɗa.

Tun da ya yi ritaya burinsa ɗaya ne: ya kwashi Hajiya da yara su bi ta Gaundare, su ratsa Tuboro zuwa Mundu, su haura Njamena wurin ƙanwarmu da ke aure can, sannan su dawo ta gadar Ngeli da Kusiri. Hajiya na fama da ciwon baya, zaman bas ba ya yi mata. Ana cikin haka ya ga talla a Facebook: farar mota irin ta Turawa masu yawon buɗe ido, wadda ake ce wa kampin-kar, da gado, da murhun gas, da firji, har da banɗaki. Sefa miliyan 6.

Mutumin ya iya baki. Hausa da Fulatanci duk yana zubawa, kalma biyu sai ya ce Baba. Wai wani Bafaranshe ne ya turo motar ta jirgin ruwa, ciwo ya hana shi zuwa, tana tashar Duwala, kuɗin duwan, wato kwastan, kaɗai ya rage. "Baba, ni ɗanka ne, wallahi ba zan ci amanarka ba." Yaya ya tura 500,000 kafin alƙalami. Bayan kwana uku 800,000 na duwan, sai 350,000 wai kuɗin ajiya ya taru, sai 150,000 na man direba. Lamba uku aka tura wa kuɗin nan ta waya, kowace da sunanta daban, babu mai sunan mutumin.

Direban ma ya riƙa kira. Yau yana Bertuwa, gobe Garwa-Bulai, jibi mota ta tsaya a Maiganga, a turo kuɗin gyara. Nan Yaya ya ce shi zai taho da bakanike da kansa. Tun daga ranar wayoyin suke a kashe.

Da ya ba ni wayarsa na duba hotunan, sai da jikina ya yi sanyi. A hoto ɗaya sitiyari yana hagu kamar na motocinmu, a ɗayan yana dama. Mota biyu ce aka haɗa! Takardar motar da aka turo kuwa, lambar shasi da na ƙirga baƙi 15 ce, alhali ta motocin zamani 17 ce. Tun motar na tasha kuma ya ce wa Yaya ya riga ya yanki kart roz, takardar inshorar nan da ake shiga ƙasashen ƙungiyar CEMAC ta Afirka ta Tsakiya da ita kamar Chadi. Ai kamfanin inshora ne ke ba da ita tare da inshorar mota. Motar da ko duwan ba ta fita ba, wa ya yi mata inshora?

Abin da ya fi ƙona min rai, muna da ɗan'uwa a unguwar Niyu Bel a Duwala. Kira ɗaya ya isa ya je ya gani. Amma tun farko ɓarawon ya toshe wannan ƙofa: ya ce ba a barin kowa shiga tasha, kuma kada a yaɗa magana don wani Alhaji daga Marwa na neman motar. Yaya mutum ne mai zurfin ciki, ya so ya ba iyali mamaki, ko ni bai faɗa wa ba.

Duk wanda aka yi wa irin wannan talla, kada ya tura ko dala sai wani nasa ya tsaya a gaban motar, ya karanta lambar shasi a jikin ƙarfe, ya gwada ta da kart giriz, wato takardar rajistar motar. Fitar da mota daga tasha aikin taranziter ne mai lasisi da ofis, kuma duwan na ba da rasit.

Mun kai ƙara wurin jandarma da lambobin uku. Shekaranjiya kuma na sake ganin hotunan nan a wani shafi da sabon suna, yanzu wai motar tana Kusiri, miliyan 5 da rabi. Wanda ya taɓa magana da shi, don Allah ya adana saƙonnin ya kai jandarma mafi kusa. Tulun gas da barguna da Hajiya ta saya don tafiyar suna nan a zaure, ko ledarsu ba a cire ba.