Ranar da aka koya wa ɗan manomi ƙasa a Landan

Ni da na tashi da fartanya a hannu, ban taɓa zaton wata tsohuwar Baturiya za ta tsayar da ni ta koya mini ƙasa ba. Maƙwabciyarmu ce ta ba uwargida kyautar furen okid a 'yar tukunyar roba. Na leƙa ciki, babu ƙasa ko ƙwaya, sai gutsattsarin ɓawon itace. Na ce lallai an cuci baiwar Allah a wajen saye. Na haƙo ƙasar bayan gidanmu, wadda laka ce zalla, na danna masa, ina shayar da shi safe da yamma. Sati uku furanni suka zube.

Na kwashi gawar zuwa shagon kayan lambu. Tsohuwar ta zare shi, ta matsa saiwar, ruwa ya fito tsulul da wari. Ta ce a daji wannan fure a jikin bishiya yake maƙalewa, saiwarsa iska take sha, ni kuwa na binne shi da rai. Ga mutane a layi suna ji. Na ji kamar ƙasa ta tsage.

Amma fa ba ta bar ni haka ba. Ta zagaya da ni buhu buhu. Nan da lita ake auna ƙasa, kamar manja! Akwai wata haɗaɗɗiyar ƙasar shuka mai suna John Innes, lamba 1 ta ƙananan tsiro, 2 ta matsakaita, 3 ta manya, taki na ƙaruwa da lambar. Furen azaliya ƙasa mai tsami yake so, har ma ruwan sama, don na famfon Landan alli ya yi masa yawa, ganye sai ya koma rawaya. Wani buhun kuma zaren ɓawon kwakwa ne kawai.

Nan ne raina ya ɓaci. Buntun shinkafa da ɓawon gyaɗa nawa muke cinna wa wuta? Mai fulawar bakin titi a gida ƙasa ɗaya yake cusa wa kowane fure a baƙar leda, in ya mutu ya ce hannunka ne ba shi da kyau.

Duk da haka, da na farke buhun da na saya na shinshina, ba ƙamshin komai. Ina ma ƙurar ruwan farko a gonar Baba.