Filogin gwajin kafar USB na PassMark a hannun mai gyara a Garwa

Yawancinmu masu gyaran kwamfuta a Garwa hanya ɗaya muka sani ta gwada kafar USB: a soka filash, in fayil ya buɗe a ce wa mai kaya lafiya lau. Alhali abin da wannan gwajin ke nunawa kawai shi ne kafar ba ta mutu murus ba. Wadda ke aiki yau gobe ta ƙi, ko ta yanke a tsakiyar kwafi, ita ke dawo mana da mutum yana kumfar baki. Shi ya sa na sa wani ɗan'uwa ya taho min da filogin gwaji na USB 3.0 na kamfanin PassMark da ke Ostareliya.

Ɗan akwati ne mai ƙaramin gilashi a sama. Manhajar USB3Test tana tura masa bayanai ta kafar da ake zargi, shi kuma ya mayar da su yadda suka zo, sai manhajar ta auna abin da ya fita da abin da ya dawo. Ko yaya aka sami saɓani, ta ƙirga shi kuskure. Gilashin kuma yana nuna ƙarfin wutar da kafar ke bayarwa da saurin da aka haɗu a kai.

Maganar saurin nan ita ta fi burge ni. Kafar USB 2.0 ƙarafa 4 gare ta: biyu na wuta, biyu na bayanai, iyakarta megabit 480 a daƙiƙa. Ta 3.0, mai shuɗin harshe, an ƙara mata 5 a bakin harshen, su ke kai ta gigabit 5. To in ɗaya daga cikin masu ɗaukar bayanan nan da aka ƙara ya lanƙwashe, ko ƙurar hunturu ta danƙare a kansa, kafar ba ta mutuwa, sai ta koma tafiyar 2.0 shiru, ba ta sanar da kowa ba. Wani Alhaji mai shagon hoto ya kawo kwamfutarsa, wai kwafin bidiyon biki yana cinye masa yini.

"Malam, an ce min faifan ne ya gaji, na sayi sabo, ba abin da ya canza."

"Alhaji, ku matso ku duba nan."

Kafar shuɗiya ce, amma gilashin bai wuce 480 ba. Muka haska tocila ciki, ga ƙarfe ɗaya ya kwanta. Soket ɗin kawai na canza. Da filash na gwada, da na rantse masa lafiyarta ƙalau.

Wuta ma haka. Volt 5 ya kamata kafa ta bayar, ta 2.0 kuma ba a son ta sauka ƙasa da 4.75. Ta 2.0 miliamfa 500 take bayarwa, ta 3.0 kuwa 900. Kafofin gaban kwamfutar tebur, da ake janyo su da siririyar waya daga babban allon ciki, su na fi kamawa da rauni. Duk wanda faifansa na waje ke ƙas-ƙas-ƙas a gaba amma ya zauna daram a baya, nan zai fara duba.

Akwai kuma ciwon da ba ya fitowa sai ƙarfe ya yi zafi, wato dalmar da ta tsage a ƙasan soket. A zafin Maris da Afrilu na garin nan ba sai ka nemi abin ɗumama inji ba. Ina barin gwajin yana ta juyawa in tafi sallar Azahar, kafin in dawo in akwai tsaga kurakurai sun taru.

Amma fa kada a ɗauka boka ne. Zai ce maka kafa na da matsala, ba zai nuna maka ko fis ne, ko waya, ko abin da ke sarrafa kafofin a allo ba. Wannan aikin mitar awon wuta ne da idonka. Dole kuma kwamfutar ta tashi, a sa mata direbansa, wato manhajar da ke sa ta gane filogin. Wadda aka kawo bayan wuta ta dawo da ƙarfi tana warin ƙuna, ba na kusantar ta da shi sai na auna ta da mita, don na hana yaron shagona ma taɓa shi in ba na nan. Sababbin kafofi masu gigabit 10 kuwa sun fi ƙarfin awonsa, a 5 yake tsayawa.

Kuɗinsa in an juya zuwa sefa, aka haɗa da na kawowa, yana da nauyi. Mai kwamfuta ɗaya a gida bai da buƙatarsa, ya kai wa mai filogin a gwada masa. Mai shago kuwa, musamman mai sarin kwamfutocin gwanjo da ake hawowa da su daga Duwala, zai mayar da kuɗinsa. Ni yanzu in dila ya sauke kaya, kafa-kafa nake bi kafin mu fara ciniki, wadda ta gaza a rage min kuɗin soket da na aiki.