Sharhi: Wata uku ina fitar da lambobin 'yan ƙungiyarmu zuwa shafi da AppleScript

Ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu a Katsina, kuma duk wanda ya taɓa riƙe wannan kujera ya san rabin aikin amsa tambaya ɗaya ce: "Malam sakatare, don Allah turo min lambar wane." Mutum 412 ne a rajistarmu. Wasu suna Kano da Kaduna da Abuja, wasu kasuwanci ya kai su Maraɗi da Damagaram. Duk lambobinsu suna cikin manhajar Contacts a wani MacBook na hannu da nake aiki da shi, a rukuni guda da na ware musu. Shugaban ƙungiya ya ce yana son shafi ɗaya da mamba zai buɗe a wayarsa, ya ga suna, ya taɓa lamba, waya ta kira. Na ce ranka ya daɗe za a yi, ba tare da na san ta inda zan ɓullo wa abin ba.

Wani abokin aikina ne ya ba ni wani tsohon rubutaccen umarni, abin da masu harkar ke kira sikirif, wanda aka rubuta da AppleScript. Yare ne na sarrafa manhajojin Mac da Apple ya fitar tun 1993, kuma har yau yana zuwa kyauta da kowace Mac tare da manhajar rubuta shi, Script Editor. Aikin sikirif ɗin shi ne ya shiga Contacts, ya kwaso suna da lamba da imel na kowa, ya zuba su a fayil ɗin HTML, wato irin fayil ɗin da ake buɗewa a matsayin shafin intanet. Layi talatin da 'yan kai ne. Ganin tsufansa bai yi wuya ba, domin yana kiran manhajar da sunan Address Book, sunan da aka canza zuwa Contacts tun 2012. Na gyara wannan, na danna maɓallin gudanarwa, daga nan hidima ta fara.

Tun a kan mutum na goma sha wani abu ya tsaya, da saƙon da ke farawa da "Can't get". Wanda ya rubuta shi ya ɗauka kowa yana da imel, sai ya ce a kawo imel na farko na kowane mutum. To mu fa yawancin dattawanmu ba su da imel, lambar waya kaɗai suka ba ni. Ka ce a ɗauko na farko a cikin abin da babu ko ɗaya, dole aiki ya tsaya. Maganinsa layi ɗaya ne: a fara ƙirga imel ɗin mutum, in ya fi sifili sannan a ɗauko. A nan na fara ganin amfanin Script Editor. A ƙasan tagarsa akwai wurin da yake nuna kowace tambaya da sikirif ya aika wa Contacts da amsar da aka dawo masa da ita, ɗaya bayan ɗaya. Da idona na ga mutumin da aka tsaya a kansa. Ban yi lalube a duhu ba.

Da wannan ya wuce sai shafi ya fito, amma a ƙarƙashin sunan mutane da yawa, a gurbin wurin aiki, an rubuta "missing value". Haka AppleScript ke amsawa idan gurbi ba komai a cikinsa, kuma in ka haɗa wannan amsa da rubutu sai ta shige kamar kalma ce ta gaske. Sai da na sa sharaɗi a kowane gurbi: in babu komai, a bar shi fili.

Abin da ya fi cin rai, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan sharhi, shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Ni mutum ne mai son a rubuta sunan mutum daidai, don haka tun farko na shigar da sunaye da unguwanni da ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata. Da na buɗe shafin sai na tarar duk inda suke alamar tambaya ce ta maye gurbinsu. Ƙofar Soro ta koma "?ofar Soro", Maraɗi ta koma "Mara?i". Na koma Contacts na duba, lafiya lau. Na duba amsoshin da ke ƙasan Script Editor, nan ma lafiya lau. Ashe a wajen rubutawa cikin fayil ne ake asarar su. Tsohon sikirif ɗin ya ce a rubuta kawai, bai faɗi da wane tsarin haruffa ba, sai aka yi amfani da tsohon tsarin Mac OS Roman mai gurbi 256 kacal, wanda aka yi shi don harsunan yammacin Turai. Babu ƙ a cikinsa, babu ɗ, babu ɓ. Harafin da ba shi da gurbi kuwa alamar tambaya ake sa masa. Gyaran shi ne a ce a rubuta da UTF-8, tsarin haruffa da ke da gurbin haruffanmu, ta hanyar ƙara as «class utf8» a ƙarshen umarnin rubutawa, da waɗannan alamomi masu kama da kibiya biyu-biyu, ba a canza su da wasu ba. Kwana biyu na yi kafin na gano wannan.

Ban gama murna ba sai wani mamba ya turo min hoton fuskar wayarsa. A wurinsa ƙ ta zama "Æ™", ɗ kuma ta zama wasu alamomi biyu na daban. Wannan wata cuta ce dabam, kuma na ji daɗin fahimtarta. A tsarin UTF-8 kowane ɗaya daga cikin haruffan nan gurbi biyu yake ci. Idan shafi bai sanar da burauza cewa da UTF-8 aka rubuta shi ba, sai ta yi hasashe, ta karanta kowane gurbi a matsayin harafi mai zaman kansa. Shi ya sa harafi ɗaya ya haifi biyu. Layin meta charset="utf-8" a saman shafin ya kashe maganar. Don haka ga duk mai aiki da rubutun Hausa, waɗannan alamu biyu ne masu bambanci: in ka ga alamar tambaya, an riga an lalata harafin tun wajen ajiyewa, sai ka sake fitar da fayil, in ka ga haruffa biyu baƙi, harafin yana nan da ransa, karatun ne ya karkace. 'Yan uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y, nasu ma ya fito daidai bayan gyaran, kuma ban taɓa musu rubutunsu ba.

Sai jerin sunaye. Na miƙa aikin jerawa ga sort, umarnin jera layuka da ke cikin Mac, ta hanyar do shell script, wato yadda AppleScript ke kiran irin waɗannan umarnai, sai ga duk sunayen da suka fara da Ɗ da Ƙ sun faɗa can ƙasan Z. Dalili shi ne a yadda na kira shi, lambar harafi yake bi, ba abacada irin tamu ba, kuma lambobin waɗannan haruffa sun fi na Z girma nesa ba kusa ba. Dattijon da ke neman sunan abokinsa bayan D ba zai gangara ƙasan Z ba, zai dai ɗauka an cire mutumin daga ƙungiya. Dabarar da na yi ita ce na ba kowane suna wani kwafi na ɓoye don jerawa kaɗai, da ƙananan haruffa, inda ɗ ta zama d da wata alama mai zuwa bayan duk haruffa, haka ƙ da ɓ. Aka jera da na ɓoyen, aka nuna na ainihin. Yanzu ɗ tana bin d, ƙ tana bin k, kamar yadda aka koya mana a firamare.

Lambobin waya su ma sun ba da nasu darasin. Don in tantance lamba ce ta gaske ko shirme, na yi ƙoƙarin mayar da ita adadi irin na lissafi. Sifilin farko ya ɓace, sannan lamba irin 08030000000 ta koma 8.03E+9, domin cikakken adadi a AppleScript ba ya wuce 536870911, abin da ya haura haka sai ya juya shi zuwa wancan salo. Lambar waya ba adadi ba ce, rubutu ce, kuma haka na bar ta. Na cire tazara da ɗigo da baka, sannan na kafa ƙa'ida: mai lamba 11 da ta fara da sifili ta Najeriya ce, a cire sifilin a sa +234; mai lamba 8 ta Nijar ce, a sa +227; wadda ta riga ta zo da alamar ƙasa a ƙyale ta. Duk wadda ba ta shiga ko ɗaya ba, sikirif ya tara ta a wani fayil na daban in duba da kaina. Guda 23 ya tara a karon farko. Akwai masu lamba goma, akwai inda na haɗa lambobi biyu a gurbi ɗaya shekaru da suka wuce. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na kira ko na tambayi makusantansu. A cikin wannan bibiya ne na ji labarin rasuwar ɗaya daga cikin 'yan ajinmu da ba mu samu labari ba, Allah ya jiƙansa da rahama. Ba don wannan jeri na kurakurai ba, da ban san yaushe za mu ji ba.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da suka shafi fayil. Idan sikirif ya faɗi a tsakiyar aiki, fayil ɗin yana zama a buɗe, sai gudu na gaba ya ba da kuskure mai lamba -49. Dole a tanadi hanyar rufe shi ko da an samu matsala. Na biyu, idan sabon jeri ya fi tsohon gajarta, wutsiyar tsohon tana maƙale a ƙasa, sai ka ga sunayen ƙarshe sun maimaitu. Layin set eof zuwa sifili, wato a mayar da tsawon fayil ɗin sifili kafin rubutawa, yana share wannan.

Da komai ya daidaita sai na ajiye shi a matsayin ƙaramar manhaja da mataimakina zai danna sau biyu ba sai ya buɗe Script Editor ba. Ranar farko ta ƙi, da kuskure mai lamba -1743. Tun daga macOS Mojave na 2018, duk manhajar da za ta sarrafa wata sai mai kwamfuta ya ba ta izini. Tambayar ta fito masa, ya ga ana maganar lambobin mutane, ya danna a'a. Ban ga laifinsa ba, hasali ma abin da ya dace mutum ya yi ke nan in bai san abin da ake tambayarsa ba. A saitin sirri da tsaro, ƙarƙashin Automation, muka kunna izinin. Wannan shinge ya burge ni. Littafin lambobin mutum amana ce, bai kamata kowace manhaja ta kutsa ciki ba sallama ba.

Wannan tambaya ta izini ce ma ta sa na dawo hayyacina game da shafin kansa. Ina shirin ɗora lambobin mutum 412 a fili, inda duk ɗan damfara zai iya kwasa ya fara turo saƙon "an kwantar da wane a asibiti, a taimaka". Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, amma ko babu doka, akwai matan aure a cikinmu da ba su ba ni lambarsu don duniya ta gani ba. Na kai maganar taron wata, aka amince a sa wa shafin kalmar sirri, kuma kowa ya faɗi ko ya yarda a sa shi. Na buɗe rukuni na biyu a Contacts na waɗanda suka amince, na juya sikirif ɗin zuwa kansa. Mutum 371 ne a ciki yanzu.

Ta fuskar sauri, tsohon salon na tambayar Contacts mutum-mutum, gurbi-gurbi, yana ɗaukar mintuna. Da na koyi neman sunayen kowa a tambaya ɗaya, lambobin kowa a wata, sannan a haɗa su a cikin sikirif, kafin in zuba shayi ya gama.

Shin zan ba wani shawarar ya bi wannan hanya? In kana da Mac, kuma jerinka yana canzawa kowane wata kamar namu, eh, ba tare da wata-wata ba. Ban biya ko sisi ba, ban miƙa lambobin mutane ga wani shafi na waje don ya juya min su ba, kuma ƙamus ɗin da ke cikin Script Editor yana nuna duk abin da Contacts zai iya amsawa da ainihin sunan kowane gurbi. Sai dai ka shigo da haƙuri da ɗan Turanci, domin umarnin da saƙonnin kuskure duk da shi suke, kuma kamannin da yaren ke yi da magana ta yau da kullum kan sa mutum ya zaci duk jimlar da ya rubuta za ta yi aiki, alhali yana da nahawunsa mai tsauri. Wanda sau ɗaya kawai yake son miƙa lambobi ga wani, ya fitar da fayil ɗin vCard, wato fayil ɗin musayar lambobin mutane, daga Contacts ya huta. Mai son haɗa shiryayyun umarni kamar tubala maimakon rubuta su kuma akwai manhajar Shortcuts, wadda ta zo Mac a 2021.

Yanzu ranar Asabar ta farkon wata nake gudanar da shi, in duba fayil ɗin lambobin da ba su shiga ƙa'ida ba, sannan in ɗora sabon shafi. Abin da ke gabana shi ne akwatin nema a saman shafin, wanda in mamba ya rubuta k zai kawo masa har da masu ƙ, domin da yawa daga cikinmu allon rubutun wayarsu ba shi da haruffan nan.